Wasan da Aka Kai Ƙarƙashin Ramin Yumɓu

A wani zamani da ya shuɗe, tun mutane na yin sallama kafin su shiga ramin da ba kowa a ciki, an yi wata mace mai ginin tukwane a ƙauyen Tungar Maje, sunanta Hakama. Randar da ta fito daga hannunta takan shekara goma ba ta tsage ba. Abin da ya ƙi zauna mata shi ne 'ya'ya. Uku ta binne tun ba a yaye su ba. Na huɗun, wani yaro mai ƙiriniya da ake kira Nomau, ya kai shekara huɗu, har ta fara sakin jiki. Ran nan ya bi yara wasa bakin kududdufi, aka dawo mata da shi a kafaɗa, rigarsa na ɗigar ruwa. Tun daga ranar Hakama ta ɗauki karan tsana ta ɗora wa wasa.

Da ta haifi ta biyar, mace, tsofaffi suka yi abin da ake yi wa mai wabi, wato macen da 'ya'yanta ke mutuwa. Suka ajiye jaririyar a kan juji na ɗan lokaci, suka raɗa mata suna Ayashe, wai don mutuwa ta zaci ba a son ta, ta wuce. Hakama dai ba ta ga wannan ya isa ba.

Wata rana da rana tsaka tana cikin ramin da take haƙar yumɓu, ta sauke Ayashe, lokacin tana wata tara. Yarinyar ta damƙi yumɓu tana bugawa a ƙasa tana ƙyalƙyala dariya, ta rarrafa ta nufi wani gurbi da ruwan sama ya taru. Hakama ta yi wuf ta fizgo ta, ta zauna daɓas ta fashe da kuka tana cewa, "Wayyo ni! Wa zai tsare mini wannan?"

Sai bangon ramin ya dare gida biyu. Wata doguwar mace ta fito, fatarta launin yumɓu, gashinta na jan ƙasa. Ta ce, "Ya ke 'yar Adam, shekara goma sha biyu kina ɗibar ƙasar gidana ban hana ki ba, yau kuma kina jiƙa mini ita da hawaye. Ni ce Magajiyar Rami. Faɗi buƙatarki."

Hakama ta durƙusa ta ce, "Ranki ya daɗe, huɗu na binne. Wannan kaɗai ta rage mini."

Aljanar ta ce, "Rai ba a hannuna yake ba, kada ki ɗora mini abin da ba nawa ba. Amma ina yi miki alkawari, wannan yarinya ba za ta faɗa ruwa ba, ba za ta faɗo daga bishiya ba, ko gwiwa ba za ta kurje ba. Abin da zan karɓa ɗaya ne. Ki ba ni wasanta."

"Wasa kawai?" in ji Hakama. Saura kaɗan ta yi dariya, don a ganinta an zo ne a ɗauke mata ƙaya daga ƙafa. Ta ce, "Ɗauki, ranki ya daɗe. Ɗauki duka."

Aljanar ta ɗora yatsa a ƙirjin yarinyar ta ja. Wani abu mai sheƙi ya biyo yatsan, ta dunƙule shi a tafin hannu ta koma, bango ya haɗe. Ayashe ta saki yumɓun da ke hannunta, ta yi shiru.

Alkawari kam ya cika. Ayashe ta tashi ba tabo ko ɗaya a jikinta. Inda aka ajiye ta da safe, nan za a same ta da azahar. Matan gari, waɗanda ba abin da ke burge su irin yaron da ba ya damunsu, suka yi ta yabo. Kowace ta dawo gida sai ta dunguri kan tata ta ce, "Ba kya ganin Ayashe? Yarinya mai hankali kamar babba!" Ba wadda ta lura cewa yarinyar ba ta taɓa tambayar komai ba. Ba ta iya gudu ba, ƙafafunta sun yi sirara. Ba ta taɓa faɗa da kowa ba, ba ta kuma da ƙawa ko ɗaya. In sa'o'inta sun yi mata magana sai ta zuba musu ido har su gaji su tafi.

Tana shekara bakwai, wata 'yar maƙwabta ta tausaya mata, ta haɗa 'yar tsana da karan dawa, ta ɗaura mata tsumma, ta kawo mata. Ayashe ta juya ta gaba da baya, ta ga kara ne, sai ta tashi ta cusa ta a murhu ƙarƙashin tukunyar tuwo. 'Yar maƙwabtan ta fita tana kuka. Hakama na tsaye da muciya a hannu tana kallon karan na cin wuta.

Mijinta Jatau, wanda ya ga komai daga inuwar rumbu, ya ce, "Hakama, ni fa yarinyar nan tsoro take ba ni. Nomau shekara huɗu ya yi, amma har yau ina jin dariyarsa a gidan nan. Wannan ta shekara bakwai, ban san yadda haƙoranta suke ba."

Nan Hakama ta faɗa masa abin da ta ɓoye shekara da shekaru. Bai zage ta ba, bai ɗaga murya ba. Ya yi salati, ya sunkuyar da kai, hawaye na bin gemunsa. Da ma dukanta ya yi, da ya fi mata sauƙi.

Washegari da rana tsaka ta shiga ramin, ta yi ta saran bangon da fartanya tana kiran Magajiya. Bangon ya buɗe, amma ba kowa, sai wata hanya da ta gangara ƙasa. Ta yi bisimilla ta bi. Ta wuce dajin da itatuwansa ke tsiro saiwa a sama, ganye a ƙasa. Ta wuce garken shanu masu kai biyu, kan gaba na kiwo, na baya na tuƙa. Daga nan ta iso bakin wani kogi baƙi ƙirin, wanda ba a ganin ƙasansa.

An jera duwatsu a kan ruwan daga wannan gaɓa zuwa waccan. 'Ya'yan aljanu, masu ido ɗaya a goshi, suna ta tsallake su da ƙafa ɗaya suna shewa. Suka ce, "'Yar Adam, ɗaga ƙafa ki biyo mu! Kafin ki ƙifta ido kin haye!"

Hakama ta dubi ruwan, ta ga fuskar Nomau. Ta ja da baya. A gefe kuwa ga wani tsoho a cikin kwale-kwale, gemunsa ya kai tsawon sandar tuƙinsa. Ta ce, "Baba, ko za ka haye da ni?"

Tsohon ya ce, "Ya ke baƙuwa, na san abin da ya kawo ki, don haka ji gaskiya kafin ki shiga. Wasa ba ya shiga jikin wanda ƙuruciya ta bari. Jirgina bai taɓa kifewa ba, amma kafin ya kai waccan gaɓa damina huɗu za ta wuce a duniyarku. Duwatsun can kuwa ba sa cin ko yini."

Ta yi lissafi a ranta. Bakwai da huɗu, sha ɗaya. Ai 'yar shekara sha ɗaya tana wasa. In kuwa ta nutse, wa zai kai wa Ayashe komai? Ta shiga jirgin ta riƙe gefensa da hannu biyu, tsohon ya girgiza kai ya fara tuƙi.

Da ta sauka, ta tarar da ganuwar wani birni, an gina ta da fasassun tukwane, tsayinta ya ɓace a sama, ba ƙofa ko ɗaya. Daga ciki ana jin tafi da waƙa. Wani gajeren aljani mai kunnuwan zomo ya diro gabanta, riƙe da ƙyalle. Ya ce, "Maraba da mai neman abin da ta bayar da hannunta. Ƙofar birnin nan ɓuya take yi. Bari in ɗaure miki ido in juya ki sau bakwai, ki miƙa hannu ki yi lalube. Da kin taɓa ta, ta buɗe."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, in rufe ido a ƙasar da ban sani ba? Ramuka fa?"

"Akwai ramuka," in ji shi. "Akan faɗa, akan tashi."

Hakama ta ce a'a, ita ba yarinya ba ce. Kowace ganuwa tana da ƙofa, za ta zaga da idonta biyu ta gano ta. Mai kunnuwan zomo ya buɗe baki zai yi magana, ta riga ta yi gaba. Ta yi ta tafiya tana shafa bango, tana duba kowane tsagi, har tafin ƙafarta ya fashe. Can sai ta ga ta dawo inda ta tashi, ga aljanin zaune yana jiran ta da ƙyallensa.

Ya ce, "Da kin tsaya da na gaya miki. Zagayen ganuwar nan damina bakwai ne."

Ta zube ƙasa tana bugun ƙirji, tana kiran sunan 'yarta. Shekara goma sha takwas! Ta yi kuka har muryarta ta dushe, sannan ta miƙa masa fuska ta ce, "Ɗaure." Ya ɗaure, ya juya ta sau bakwai. Ta yi taku uku ta faɗa wani ɗan rami, ta kurje gwiwa, ta tashi. A taku na biyar hannunta ya taɓa ƙyaure.

Birnin cike yake da 'ya'yan aljanu. Wasu na langa, wasu na carafke da duwatsu masu haske, wasu na dafa tuwon ƙasa a 'yan tukwane. Duk wasan nan na 'ya'yan mutane ne, don 'ya'yan aljanu ba a haifar su da nasu. A tsakiyar gari ga rumfa mai faɗi, an jera ƙore a ciki, kowace an rufe ta da faifai, kowace tana motsi kamar an kulle ɗan tsako a ciki. Magajiyar Rami na zaune a gabansu a kan turmi.

Ta ce, "Ya ke 'yar Adam, kin makara, amma kin iso. Me kike so?"

Hakama ta ce, "Ranki ya daɗe, na zo karɓar wasan 'yata. Na yafe tsaron. Ko me zai same ta, ya same ta tana dariya."

Aljanar ta dube ta ta ce, "Wane tsaro? Ko sau ɗaya ban taka gidanki ba. Yarinyar da ba ta zuwa bakin ruwa me zai jefa ta ruwa? Wadda ba ta hawa bishiya daga ina za ta faɗo? Da kwananta ya ƙare, ko a bayanki take da ta tafi. Tun farko na gaya miki rai ba a hannuna yake ba, ke ce ba ki saurara ba."

Wannan magana ta fi duk wahalar hanya yi wa Hakama ciwo. Ashe a banza ta yi.

Magajiya ta ce, "Ga ƙwaryar 'yarki can, ba a taɓa ta ba, don wasan da ke ciki ya yi wa 'ya'yanmu ƙarfi. Amma wanda ya ba da wasa ba ya karɓarsa sai da wasa. Ki shiga gaɗa."

Aka kai ta wani fili da ke bakin rami mai zurfi, wanda in an jefa dutse ba a jin saukarsa. 'Yan matan aljanu suka yi rabin da'ira a bakin ramin, duga-dugansu a kan gaɓa. Ka'idar gaɗa kuwa kowace mace ta san ta: ki juya wa ƙawayenki baya, ki saki jiki ki faɗa, su tare ki su cilla ki sama. Hakama ta yi gaɗa tun tana yarinya, har ita ce mai ba da waƙa a unguwarsu. Magajiya ta ce, "Kowane baiti da ya wuce ba ki faɗa ba, damina ɗaya ce."

'Yan matan suka ɗauki tafi suna rerawa:

"Faɗo, faɗo, mai tukwane,
Hannu ashirin na bayanki,
Ke da kika riƙe kika rasa,
Saki ki ga abin da zai same ki."

Hakama ta juya baya. Ta waiwaya ta ga hannuwansu sirara kamar tsinken tsintsiya, ta ga ramin. Baiti ɗaya ya wuce. Ta ce wa kanta yanzu, amma ƙafa ta ƙi. Na biyu ya wuce. Da suka ɗauko na uku sai ta rintse ido, ta ƙwala kiran Ayashe, ta saki jiki.

Suka tare ta. Suka cilla ta sama, ta sauka a kan ƙafafunta, sai ta ji dariya ta kuɓuce mata, irin wadda rabonta da ita tun Nomau na raye. Dariyar ba ta kai ƙarshe ba ta koma kuka.

Aka miƙo mata ƙwaryar. Tana da ɗumi, tana kuma motsi. Magajiya ta ce, "Kada ki ɗaga faifan sai a gabanta. Tafi, ya ke 'yar Adam. Ban yi miki alkawarin komai ba wannan karon."

Ta fito da gudu. A bakin kogi ko kallon mai jirgi ba ta yi ba, ta ɗaga ƙafa ɗaya ta hau duwatsu, ƙwarya a ƙirji. Tana tsakiya santsi ya kwashe ta, ta faɗa ruwan. Ta miƙe tana jiran nutsewa, sai ta ga ruwan iya gwiwarta ya tsaya. Baƙi ne kawai, ba shi da zurfi. Ta tsaya a ciki tana kallon ruwan da ta ba wa shekaru huɗu na 'yarta, sannan ta ƙarasa da ƙafa.

Da ta fito daga ramin yumɓu, kanta ya yi fari fat. Ciyawa ta rufe hanyar da take bi. A gidanta ta tarar da baƙin fuska, suka ce Jatau ya rasu bara waccan, bayan ya gaji da zuwa bakin rami yana kira. Ayashe kuwa wani manomi ya aure ta saboda natsuwarta, ga gidan can kusa da rijiya.

Hakama ta yi sallama. Gidan a share yake tas, shiru kamar ba mutane. Wata doguwar mace ramammiya na zaune a kan tabarma tana tsince wake, da yaro ɗan shekara biyu goye a bayanta. Ta ɗago ta dubi tsohuwar, ta gane ta. Ba ta yi ihu ba, ba ta rugo ba. Ta durƙusa ta ce, "Sannu da zuwa, Inna. Kin daɗe." Ta tashi ta kawo ruwa a moɗa.

Hakama ta kasa sha. Ta ce, "Wannan ɗanki ne? Ba kya sauke shi?"

"Jibo ne. In na sauke shi me zai yi a ƙasa, Inna?"

Yaron ya leƙo ta kafaɗar uwarsa. Idonsa irin nata ne, ba ya neman komai. Aljani bai taɓa wannan yaro ba. Ba dai wanda ya taɓa yi masa cakulkuli, ko ya ɓoye fuska ya leƙo shi.

Hakama ta ce, "Zauna, 'yata. Na kawo miki abinki da na ɗauke miki kina wata tara. Ni na cuce ki, ba kowa ba." Ta ajiye ƙwaryar a gabanta, ta ɗaga faifan.

Abin ya fito da sheƙi, da ƙarar tafi, da dariyar yara da yawa, ya cika tsakar gidan. Ya nufi Ayashe kai tsaye, don ya san mai shi. Ya zaga kanta, ya zaga ƙirjinta, ya taɓa hannuwanta, yana neman wurin shiga. Sau uku yana zagayawa. Ayashe na zaune tana kallonsa kamar yadda take kallon komai. Hakama tana ta cewa, "Shiga mana, ita ce, wallahi ita ce!" Daga ƙarshe abin ya yi sanyi, ya zame ta kafaɗarta, ya shige ƙirjin yaron da ke bayanta.

Jibo ya zabura. Ya fara wutsil-wutsil yana dukan bayan uwarsa da 'yan hannuwansa, sai wata ƙara ta fito daga bakinsa, ta sake fitowa. Ayashe ta miƙe a firgice tana kwance zani. Ta ce, "Inna, me ya same shi? Shiɗewa ce? In kira mai magani?"

Hakama ta ce, "Ba ciwo ba ne. Dariya yake yi. Sauke shi."

"A ƙasa? Akwai tsakuwa."

"Sauke shi, Ayashe."

Ta sauke shi a hankali. Yaron ya yi taku biyu ya faɗi, ya tashi, ya kifar da faifan waken, ya bi wata kaza da gudu har bayan rumbu, ya dawo fuska duk ƙasa yana ƙyalƙyatawa. Ya kama zanin uwarsa yana ja, yana so ta bi shi. Ita kuwa ta tsaya ƙiƙam, ba ta san abin da ake yi ba. Da ya gaji da ja sai ya sake ta, ya koma wajen kazarsa.

Ayashe ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta juyo, a karo na farko a rayuwarta ta yi tambayar da ba ta aiki ba. Ta ce, "Inna, duk wannan nawa ne a da?"

"Naki ne."

"Akwai saura?"

Hakama ta ɗauki ƙwaryar ta leƙa. Ta sa yatsa ta shafa cikinta, ta kifar da ita ta girgiza. Ba abin da ya faɗo.

Ayashe ta ce, "Ba komai, Inna." Ta durƙusa ta fara tsince waken da ya zube, ɗaya bayan ɗaya.